Mahaifina Ya Ajiye Maganin Asibiti Ya Koma Cin Kashu

Tambaya

Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara sittin, kuma likita ya daɗe da tabbatar masa da hawan jini da ciwon suga. Kwanakin baya wani abokinsa ya turo masa saƙon murya a waya, inda ake cewa ƙwallon kashu yana wanke jijiyoyin jini, yana saukar da suga, yana maganin ciwon daji da ciwon damuwa, kuma wanda ya lazimce shi ba ya buƙatar ƙwayar asibiti. Tun daga lokacin ya ajiye magungunansa, kullum sai ya cinye kusan kofi guda na soyayyen kashu mai gishiri, har yana sammar wa ɗana mai shekara uku. Ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda. Shi yana cewa jikinsa ya fi masa daɗi yanzu, ni kuwa gani nake ƙiba ya ƙara. Da na yi masa magana sai ya tambaye ni yaushe aka haife ni. Shin da gaske kashu yana da wannan magani? Kuma ta yaya zan shawo kansa ba tare da na saɓa masa ba?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma yi miki albarka bisa wannan kulawa. Zan fara da abin da ba ya jiran gobe, sannan in dawo kan kashu a tsanake. Ajiye maganin da ya yi shi ne babban haɗarin da ke cikin wasiƙarki, kuma ya kamata likitansa ya gan shi cikin 'yan kwanakin nan ko da yana cewa garau yake jin kansa, domin hawan jini kan daɗe yana ɓarna a ƙoda da ido da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da mai shi ya ji ko ciwon kai ba, haka shi ma suga. Idan kuwa kafin ranar ganin likita kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi masa nauyi, ko maganarsa ta sarƙe, ko ya yi kukan ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi ko dishi-dishin gani, ko ƙishirwa da fitsari suka yi yawa har ya fara ruɗewa, to a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ba sai an jira shawarar kowa ba.

Kashu kansa abinci ne mai daraja, kuma ba na son ki je wa Baba da cewa ba shi da amfani, domin hakan ba gaskiya ba ne. A cikin giram 100 na ƙwayarsa akwai furotin kimanin giram 18, mai kimanin giram 44, da sitaci da dangoginsa kimanin giram 30. Fiye da rabin man nan irin wanda ya fi yawa a man zaitun ne, wanda aka san yana da sauƙi ga zuciya idan ya maye gurbin kitse mai daskarewa. Inda kashu ya yi fice shi ne wajen ma'adanai. Cikin tafin hannu ɗaya, wato giram 28 ko ƙwaya 16 zuwa 18, yana ba da maganisiyam kimanin miligiram 80, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da namiji babba yake buƙata a yini, kuma maganisiyam yana da hannu a aikin tsoka da jijiya da bugun zuciya da yadda jiki yake sarrafa suga. Wannan ɗan cikin hannun yana ba da kusan kashi biyu cikin uku na sinadarin jan ƙarfe da ake buƙata a yini, wanda jiki ke amfani da shi wajen sarrafa ayon, wato sinadarin ƙarfe, da gina jini da ƙarfafa jijiyoyi. Akwai kuma zink mai taimakon garkuwar jiki da warkewar rauni, akwai ayon, sai dai ayon na tsirrai hanji ba ya tsotsarsa sosai kamar na nama, kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa shi da abinci mai bitamin C.

Saboda kashu yana tattare da mai da furotin, narkewarsa a ciki ba ta da gaggawa, don haka ba ya harba suga sama farat ɗaya kamar yadda kayan zaƙi da na farin fulawa suke yi, kuma yana riƙe ciki. Wannan ne ya sa masana abinci ba sa hana mai ciwon suga cin sa. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin abincin da ba ya tayar da suga sosai da maganin da yake saukar da suga, kuma a kan wannan tazara saƙon muryar nan ya yi tsalle.

An gwada kashu a kan mutane irin Baba, kuma sakamakon ya cancanci a karanta shi da kyau. A shekarar 2018 aka wallafa wani bincike da aka yi a birnin Chennai na ƙasar Indiya a kan masu ciwon suga nau'i na biyu su 300. An raba su gida biyu, dukkansu suna kan tsarin abincin masu ciwon suga, sai aka ƙara wa rukuni ɗaya giram 30 na kashu kullum har tsawon mako 12. A ƙarshe lambar sama ta awon jinin masu cin kashu ta sauka da kusan maki 5, ta ɗaya rukunin kuma da kusan maki 2, sannan kolesterol mai kyau ya ɗan ƙaru a jinin masu kashun. Sugansu bai sauka fiye da na sauran ba, nauyinsu ma bai canza ba. Ki lura da abubuwa biyu a nan. Ribar da za a iya jingina wa kashu ita ce bambancin da ke tsakanin rukunonin, wato kimanin maki 3, alhali magani guda na hawan jini a ma'aunin da aka saba bayarwa kan sauke wannan lamba da kusan maki 9 a matsakaici, kuma da yawan masu ciwon sai an haɗa musu biyu ko uku kafin jinin ya daidaita. Sannan kashun ƙari aka yi a kan kulawar da mutanen suke samu, ba wanda aka ce ya ajiye ta ya riƙe kashu.

A kan batun wanke jijiyoyi kuwa, shaidar ta ma fi haka rauni. Wani ƙaramin gwaji a Amurka a 2017 ya nuna mummunan kolesterol ya ɗan sauka ga waɗanda aka ba su kashu a maimakon dankalin leda, wani kuma a 2019 da aka ba mutane giram 42 kullum bai ga wani sauyi a kolesterol ko awon jini ba. Tun a 2003, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin fakiti cewa cin irin waɗannan ƙwayoyi mai yiwuwa ya rage haɗarin ciwon zuciya, ta lissafa gyaɗa da almon da fistashiyo da wasu, amma ba ta sa kashu ba, saboda kitsensa mai daskarewa ya ɗan haura iyakar da ta gindaya. A ganina wannan bai mayar da kashu abin gudu ba, domin wani kaso mai yawa na wannan kitse irin wanda ba ya tayar da kolesterol sosai ne. Abin da ya nuna kawai shi ne amfanin kashu ga zuciya matsakaici ne, kuma ya fi bayyana idan ya kori wani abin ciye-ciye da ya fi shi illa. Babu wani abinci da aka tabbatar yana kankare kitsen da ya riga ya taru a bangon jijiya.

Yanzu mu auna kofin da Baba yake cinyewa. Kofi guda na soyayyen kashu ya kai giram 130 ko fiye, wato ya ninka abin da aka ba mutanen Chennai fiye da sau huɗu. A cikinsa akwai kalori sama da 700, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da dattijo mai ƙarancin zirga-zirga yake buƙata a yini, da sitaci da dangoginsa fiye da giram 40, kuma duk wannan a kan abincinsa na yau da kullum yake hawa. An gano cewa jiki ba ya tsotse dukkan kalorin da ke cikin kashu, wani kaso yana wucewa ba a narkar ba, amma wannan rangwame bai kai ya cece mai cin kofi guda ba. Don haka ƙibar da idonki ya gani ba zargi ba ne, kuma ƙarin ƙiba, musamman ta tumbi, tana sa jiki ya ƙara bijire wa insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa sassan jiki, tana kuma tura awon jini sama. Sai batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wanda bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, idan aka haɗa duk abin da ya ci tun safe har dare. Kashu a asalinsa kusan ba shi da gishiri, masu sarrafawa ne suke barbaɗa masa, kuma mai hawan jini da yake cin mai gishiri da kofi yana rushe ɗan amfanin da yake nema da hannunsa.

Maganar ciwon daji ta samo asali ne daga gwaje-gwajen ɗakin bincike, inda aka ga wani sinadari da ya fi yawa a man ɓawon kashu yana hana ƙwayoyin daji yaɗuwa a cikin kwanon gwaji. Ba a tabbatar da hakan a jikin ɗan Adam ba, kuma ɓawon ba a cin sa. Maganar damuwa kuma an gina ta ne a kan cewa kashu yana da wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen haɗa abin da ke daidaita yanayin rai, sai dai wannan sinadari yana cikin ƙwai da madara da nama da wake, kuma babu gwajin da ya nuna ɗayansu ya maye gurbin maganin ciwon damuwa. Haka ganye da sassaƙen bishiyar, waɗanda aka daɗe ana amfani da su a ƙasashe da dama don gudawa da ciwon baki: galibin abin da aka gwada a kansu game da suga a jikin ɓeraye aka yi, don haka kada su zama madadi na gaba idan Baba ya gaji da ƙwallon.

Tunda na ambaci ɓawon, bari in ɗan tsaya a kansa, domin mutum mai neman magani a kashu yakan kai ga tunanin cewa ɗanye ya fi ƙarfi. Bishiyar daga arewa maso gabashin Brazil ta fito, Turawan Fotugal suka kai ta Indiya da Afirka a ƙarni na 16, kuma dangi ɗaya take da mangwaro da fistashiyo. Ƙwallon yana rataye ne a ƙasan yazawar, a cikin ɓawo mai ruɓi biyu, kuma tsakanin ruɓin akwai wani mai baƙi-baƙi, mai danƙo, wanda idan ya taɓa fata yake ƙona ta, ta yi ja, ta yi bororo, daga baya ta saɓule. Masu fasa shi da hannu ba tare da safar hannu ba za ki ga yatsunsu sun yi baƙi sun tsattsage, hayaƙin gasa shi kuma yana yi wa ido da maƙogwaro illa. Ko wanda ake sayarwa a fakiti da sunan ɗanye an riga an turara shi ko an gasa don a raba shi da wannan mai. Kada Baba ya fasa ɗanye da haƙori, kada kuma a shafa man ɓawon a kan makero ko wani ƙurji da sunan magani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan ajiye maganin shi ne tsakuwar ƙodar da kika ce ya taɓa yi. Mafi yawan tsakuwar ƙoda tana haɗuwa ne daga kalsiyam da wani sinadari da ake kira okzalet, kashu kuwa yana cikin abinci masu yawan okzalet, kuma wanda ya taɓa yin tsakuwa yana cikin haɗarin ta dawo masa. Ga irin wannan mutum, kofi guda kullum ganganci ne. Akwai kuma wani abu a bayan wannan: ciwon suga da hawan jini su ne manyan abubuwan da ke raunana ƙoda a hankali, kuma idan ƙoda ta yi rauni sosai takan kasa fitar da fotasiyam da fosforas, waɗanda kashu yake da su da yawa. Saboda haka adadin da ya dace da Baba ba ni zan yanke shi ba, gwajin jini da na fitsari ne za su nuna halin da ƙodarsa take ciki. Idan likita ya ga ƙodar lafiya lau kuma ya amince, abin da ya dace shi ne kada ya wuce cikin tafin hannu ɗaya, mara gishiri, mara sukari, ba kuma lallai kullum ba, ya ci shi a madadin wani abin ciye-ciye, ya yawaita shan ruwa, kuma ya fi kyau ya ci shi tare da abinci mai kalsiyam, domin kalsiyam yana kama okzalet tun a hanji kafin ya kai ga ƙoda. Idan kuma likita ya ce ya bar shi gaba ɗaya saboda irin tsakuwar da ya yi, maganisiyam da sauran ma'adanan nan ana samun su a wasu abinci.

Game da ɗanki, a daina ba shi ƙwaya guda-guda daga yau. Yaro ƙasa da shekara biyar bai iya tauna irin wannan da kyau ba, maƙogwaronsa ƙarami ne, kuma dariya ko gudu da ƙwaya a baki ya isa ta faɗa hanyar numfashi. Idan ana so ya ci, a niƙa shi lukui a zuba masa a abinci. Kashu kuma yana cikin abubuwan da jikin wasu yake ƙi da tsanani, har ɗan kaɗan ya isa ya tayar musu da borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai, ko toshewar numfashi cikin mintuna, kuma wanda jikinsa ya ƙi kashu yawanci yana ƙin fistashiyo. Tunda yaron ya sha ci ba a ga komai ba, da alama ba ya cikinsu, amma ki san alamun, kuma idan numfashi ya shiga ciki asibiti ake nufa kai tsaye. Wanda za a ajiye a gida a sa shi a mazubi mai murfi a wuri mai sanyi da bushewa, kuma duk wanda ya yi fumfuna, ya canza launi, ko ya yi ɗaci da warin tsohon mai a zubar, saboda wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da guba mai cutar da hanta wadda suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya.

Na dawo kan tambayarki ta biyu, wadda ita ce mai wuya. Da Baba ya ce jikinsa ya fi masa daɗi, kada ki ɗauka ruɗin kai ne kawai, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Magungunan nan suna da nasu wahalhalun: metformin na ciwon suga kan sa wasu murɗawar ciki da gudawa, a na hawan jini kuma amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril da danginsa kan kawo busasshen tari mai naci, masu sa fitsari kan tayar da mutum cikin dare, wasu kuma kan taɓa ƙarfin namiji, abin da uba ba zai taɓa faɗa wa 'yarsa ba. Sau da yawa mutum ya riga ya gaji da maganin tun kafin saƙon murya ya iso, saƙon hujja kawai ya ba shi. Idan haka ne, duk bayanin da za ki yi a kan kashu ba zai mayar da shi kan ƙwaya ba, sai an gano abin da ya kore shi, kuma kusan kowace irin wannan matsala likita yana iya sauya magani ko rage ma'auni a kanta. Akwai kuma gajiyar zuciya ta mutumin da aka ce masa zai sha magani har ƙarshen rayuwa, wadda ta cancanci tausayi.

Saboda haka kada ki koma masa da gardama, kada ki kushe abokinsa, kada kuma ki yi maganar a gaban jama'a ko a gaban yara, domin dattijo da aka ƙure a bainar mutane yakan kafe ko da ya gane. Ki same shi shi kaɗai a lokacin da yake cikin nishaɗi, ki fara da tambaya: “Baba, wai maganin nan da ka bari, akwai abin da yake sa maka ne?” Ki saurara har ya gama. Daga nan ki roƙe shi alfarma a matsayinki na 'ya, cewa hankalinki ba zai kwanta ba sai an auna an gani, kuma idan kashun yana aiki ai awo zai nuna. Wannan ya bar masa girmansa, ya kuma ɗauke hukuncin daga bakinki ya mayar da shi kan na'ura. Idan akwai na'urar awon jini a gida, a auna safe da yamma, yana zaune ya huta na minti biyar, a rubuta lambobin a takarda, haka ma suga kafin karin kumallo, amma kada rubutun ya zama dalilin jinkirta zuwa asibiti. Idan kin san akwai wanda maganarsa take da nauyi a wurinsa, mahaifiyarki ko ƙaninsa ko wani amininsa mai hankali, ki sanar da shi a asirce ya taya ki, musamman namiji sa'ansa wanda zai iya jin abin da ke ba za a faɗa miki ba.

Kada ki ƙwace masa kashun. Ki zama ke ce mai kawo masa mara gishiri, a ƙaramin mazubi da ba ya ɗaukar fiye da cikin tafin hannu, kafin a ji ta bakin likita. Kada kuma ki matsa masa ya koma kan tsofaffin ƙwayoyin da kansa a ma'aunin da ya bari, tunda an yi makonni ba a sha ba kuma ba a san inda jininsa da sugansa da ƙodarsa suke ba a yanzu. Ranar zuwa asibiti ku tafi da kwalayen magungunan duka, da takardar awon, ku faɗa wa likita ranar da ya daina sha da yawan kashun da yake ci da tarihin tsakuwar, ku nemi a yi gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku da gwajin aikin ƙoda, sannan idan an zo tambayar dalilin barin maganin ki ba su wuri su yi magana su biyu.